Samari bakwai da ƴan mata huɗu za su yi mana Sallah, tiya nawa zan tanada?

Maman Halima:

Assalamu alaikum. Bana taron Sallar layya na dangin maigida a gidanmu ya faɗo, nan unguwar Zariya a Maradi, kuma kwana uku za a yi. Waɗanda za su kwana: manya 14, ƙananan yara 9, sai matasa 11 ƴan shekara 13 zuwa 19, bakwai maza huɗu mata. Wasu daga Tasawa, wasu Dakoro, biyu daga Yamai. Awon manya da na yara na san shi, na samarin nan ne ya ɗaure mini kai, don kowa ya san yadda suke share tire kafin a waiwaya. Raguna biyu ne, kuma ranar Sallah gasa su kawai za a yi, ba za a taɓa naman ba sai washegari kamar yadda aka saba. Murhun itace biyu gare ni, da ƙaramin gas, da firigo ɗaya, wutar lantarki kuwa sai yadda ta yiwu. Don Allah masu sani, shinkafa kilo nawa, hatsi da wake tiya nawa? Wane abinci ke riƙe musu ciki ba tare da kuɗin cefane sun ƙare tun ranar farko ba? Kuma yaya ake rabo ƙanana su samu, ba a kunyata ɗan kowa ba?

Inna Mai Tuwon Biki:

Wa alaikumus salam, Maman Halima. Ba kawuna za ki ƙirga ba, baki za ki ƙirga. Babba baki ɗaya ne, yaron da bai kai shekara goma ba rabin baki, budurwa baki ɗaya da kwata, saurayi baki biyu cur. Manyanki 14, yara tara sun koma huɗu da rabi, ƴan mata biyar, samari 14. Kin ga 37 da rabi ke nan, kuma samarin nan bakwai sun yi daidai da manyan gidan gaba ɗaya. Ki ɗora biyar ko shida saboda kwanon maƙwabta, da almajirai, da abokan da za su jawo miki, don ba saurayin da ke yawon Sallah shi kaɗai. Na baki 43 za ki riƙa dafawa.

Kilo ɗaya na shinkafa yana ɗaukar baki shida zuwa bakwai in da miya mai kauri, wato kilo bakwai kowane girki. In dafa-duka ce ki sa takwas, tunda ba miyar da za ta cike gurbi. In da wake ce, kilo biyar da tiya ɗaya ta wake sun isa, kuma ta fi sauran duka zama a ciki. Buhun kilo 25 zai fitar da ke kwana ukun har da saura.

Tiyar hatsi kusan kilo biyu da rabi ce, amma bayan surfe da bakace abin da ke zuwa inji bai fi kilo biyu ba. Wannan tuwon baki 12 ne. Tiya uku da rabi ke nan na dare ɗaya, amma biyar za ki tuƙa, domin ɗaya da rabin nan shi ne ɗumamen safe, kuma ba karin kumallon da ya kai shi araha. Dare uku tiya 15, ki sassauya: yau hatsi da miyar kuka, gobe masara da kuɓewa busassa, jibi dawa ko abin da dattawan suka fi so. Fura tiya biyu kullum, koko tiya ɗaya. In kin tara za ki ga kin kama tiya 24, rabin buhu da ɗoriya, tunda buhu tiya 40 ne. Wake tiya biyar, mai lita goma, albasa kuma kar ki yi mata ƙwauro.

Ki yi sayayyar busassun kaya Litinin ko Juma'ar da ta rage mako biyu, kafin mai da itace su tashi. Niƙa kuma kar ki kai jajibere. Ranar nan layi ne a bakin kowane inji, in wuta ta ɗauke kuma an kwana nan. Kwana uku kafin Sallah ki kai, in an dawo da garin ki baza shi a kan tabarma mai tsabta ya huce ya sha iska. Garin da aka ƙulle a buhu da zafin inji da damshin surfe, kwana biyu ya fara tsami da wari.

Sai dahuwar kanta, don nan ake asara. Kar ki zuba kilo bakwai a tukunya ɗaya sai in kin saba. Kilo ɗaya yana son wurin lita huɗu zuwa biyar, kuma tukunyar da ta cika maƙil kala uku take fitarwa: ƙasa ta ƙone, tsakiya ta caɓe, sama ta tsaya da ƙwayarta. Raba biyu, uku da rabi uku da rabi, ga murhu biyu kina da su. Ruwa ma ba awon ƙaramar tukunya ba ne. A ƙarama kwano ɗaya na shinkafa biyu na ruwa, a babba ɗaya da rabi ya wadatar, saboda abin da ke tashi tururi kaɗan ne in an gwada da yawan abincin. Ruwan ya tafasa da gishirinsa kafin ki zuba. Juyawa ɗaya ce, lokacin da aka zuba. Da ruwa ya sauka daidai da shinkafa ki janye itacen, ki bar garwashi kawai, ki rufe ruf minti 20 zuwa 25. Masu sa leda ƙarƙashin murfi su bari, tsumma fari mai tsabta ko tire yana yin aikin.

Ta wake kuwa, wake ake fara sawa shi kaɗai ya yi minti 30 zuwa 40, har ya fara murƙushewa tsakanin yatsu amma bai fashe ba, sannan shinkafa. Tsohon wake ya fi haka daɗewa, ki jiƙa shi tun dare. Kanwa ƴar kaɗan, ruwanta kawai. In ta yi yawa abinci ya yi duhu, ya yi bauri, kuma da dare layin bayan gida za ki gani.

Majo Mai Ritaya (tsohon ma'aikacin asibiti):

Ƴar'uwa, awon Inna ya yi, ni dalilin zan ƙara, don kar a ɗauka haɗama ce ko rashin tarbiyya. Namiji tsakanin shekara 13 da 15 yana iya ƙara santimita takwas zuwa goma na tsawo a shekara ɗaya, ƙashi da tsoka na ginuwa lokaci guda. Mace takan riga shi, wajen shekara 11 zuwa 12. Saurayi mai ƙwallo da kai-komo yana bukatar kalori 2,800 zuwa 3,000 a yini, dattijon da ke zaune kan tabarma kuwa 2,000 ko ɗan fiye sun ishe shi. To ki lura, wannan ɗaya da rabi ne, bai kai biyu ba. Abin da ke sa yaro ya tashi da abincin mutum biyu a zama ɗaya shi ne an bar shi awa shida ko bakwai ba a ba shi komai ba. Saboda haka maganin bai tsaya ga girman tukunya ba, yana ga tazarar da ke tsakanin ci da ci.

Kar a wuce awa uku zuwa huɗu. Karin kumallo da safe, fura wajen ƙarfe 11, abincin rana bayan azahar, wani abu bayan la'asar, tuwo bayan isha'i. Biyun nan na tsakani su ne ke tsare miki babbar tukunya, kuma da abin da ya fi araha ake yin su.

Farar shinkafa zalla, da burodi, da taliya, da lemun kwalba saurin narkewa gare su, awa biyu yaro ya dawo yana leƙen madafi. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, hatsi, nono da mai su ne ke jimawa a ciki. Duk abin da za ki ba su ki tabbata ɗaya daga cikin waɗannan na ciki.

Safiyar Sallah ta fi kowace haɗari. Da yawa ba sa karyawa sai an sauko idi, kuma su ne masu kama rago, su riƙe ƙafa wajen fiɗa, su kwaso itace, su tsaya gaban wuta cikin rana. In kika ce sai kayan ciki sun nuna, ƙarfe biyu za ta yi ba su sa komai ba. Ki tashi da asuba ki gama ɗumame da koko, ko ki ajiye dawon fura da nono, suna shigowa daga idi su tarar.

Ƴan matan kuma kar a raina cinsu. Kunya ce ke rage musu loma a gaban baƙi, ba ƙoshi ba, kuma sun fi mazan bukatar abin da ke ƙara jini saboda al'ada. Hanta, wake da zogale su kai gare su. Shayi kuma a ɗan jinkirta shi awa ɗaya bayan abinci, yana rage abin da jiki ke ɗauka na sinadarin ƙarfe.

Abu na ƙarshe, wanda ke cika asibiti bayan kowace Sallah. Layya tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yanzu cikin zafi take faɗowa, zafin Maradi kuwa yana haura digiri 40. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffiyar shinkafa kar ta wuce awa biyu a ajiye tana hucewa, a irin wannan zafi ma awa ɗaya. Akwai ƙwayar da dahuwa ba ta kashe ƙwanta a shinkafa, in ta samu ɗumi ta farfaɗo ta zuba guba, kuma sake ɗumamawa ba ya karya gubar. Amai ne cikin awa ɗaya zuwa biyar. Ko dai ta zauna da zafinta a kula mai rufi, ko a baza ta a tire ta huce da wuri a sa firigo. Ragowar rana da ta yini a tsakar gida kar a ce samari za su cinye da dare, ciki ɗaya ne da su da kowa. Miya a tafasa ta sosai kafin a kwanta, a sake da asuba, kuma kar a tsoma ludayin da aka lasa. Kunun aya a wannan zafi ba ya kai la'asar ba ƙanƙara, zoɓo da lemun tsamiya sun fi shi haƙuri. Ruwan sha ki lissafa lita uku kowane mutum, masu gadin wuta fiye.

Maman Halima:

Na gode Inna, na gode Majo, Allah ya saka. To na tsakanin nan fa, me zan yi wanda ba zai tsayar da ni a murhu yini guda ba? Kuma ina son in yi dambu rana ta uku don shinkafa ta huta, sai dai ban san awonsa na mutane da yawa ba, kuma an ce mai yawa dunƙulewa yake.

Hajiya ta Jiratawa:

Ƙanwata, dambu shi ne abincin taro na gaskiya, don ganye ke cika shi, hatsin kaɗan ne. Na baki 43 tsakin masara tiya biyu da rabi, wanda aka riga aka ɓarza aka tankaɗe garin. Garin nan da ya rage a jiki shi ne farkon dunƙulewa, saboda haka ki wanke tsakin sau biyu ko uku har ruwan ya daina fari, ki zuba a kwando ya tsane rabin awa. Ki dunƙula a hannu: in ya haɗe sannan ya watse da kin taɓa shi, ya yi. In ruwa na ɗiga, bai yi ba.

Ruwan tukunyar ƙasa ya tafasa tukuna, kuma kar ya taɓa gindin madambaci. Ki naɗe mahaɗar da tsumma jiƙaƙƙe ko ki liƙe da ƙullin gari, don duk tururin da ya tsere ta gefe dahuwa ce ta tsere. Ki yayyafa tsakin a hankali, kar ki danna, kar ya wuce kashi biyu cikin uku na madambacin. Tiya biyu da rabi sahu biyu ne ko uku, kar ki yi ganganci ki ce sau ɗaya. Daga lokacin da tururi ya ɓullo ta sama ki ƙirga minti 20 zuwa 25. Ki juye a babban kwano, ki wargaza da ludayi, ki yayyafa ruwan gishiri kaɗan-kaɗan kina juyawa. Wannan yayyafin shi ne ke hana shi zama tsakuwa a baki. Sannan zogale, albasa, tattasai, magi da mai kaɗan, a mayar minti 15 zuwa 20.

Zogale kwano ɗaya dafaffe ga kwano biyu na tsaki. In busasshe ne ki tsince itatuwan, ki tafasa shi minti 20 zuwa 30 ya saki ɗaci, ki matse shi sosai. Zogalen da ba a matse ba shi ne dalili na biyu na dunƙulewa. Nan Jiratawa ɗanye ba ya yankewa saboda ban ruwa, kuma kullum ana kai shi cikin gari, amma na taro busasshen ya fi sauƙi, kina iya saye tun mako biyu. Mai lita ɗaya da rabi, ki soya shi da albasa, ki ajiye gefe. Ƙuli-ƙuli rabin tiya a daka da tonka da gishiri. Na samari a ninka musu ƙulin da man, tiren manya a rage. Ki ɗanɗana ƙulin kafin ki saya, mai ɗaci ko warin funfuna daga ruɓaɓɓiyar gyaɗa yake, kar ki kawo shi gida ko da kyauta ne.

Na bayan la'asar, ɗan wake ba shi da na biyu, kuma na matasan kaɗai za ki yi. Garin wake kilo ɗaya, garin alabo ko filawa kilo ɗaya, kuka cokali huɗu manya, kanwa girman dabino a jiƙa a kofi a tsiyaye ruwan. A kwaɓa ya yi danƙo, ba ruwa-ruwa ba. Ruwa yana tafasa sosai ake jefawa. In bai tafasa ba, ko kuka ta yi kaɗan, narkewa zai yi ya koma kunu. Zai nutse sannan ya taso, daga tasowar a ba shi minti 10 zuwa 15, kar a rufe tukunya don kumfa na malalowa. A tsame cikin ruwan sanyi. Mai da yaji da albasa, shi ke nan. Ƴan matan huɗu in suka zauna jifa, rabin awa sun gama, ke ko kusa ba sai kin zo ba.

Ranar da ba hali, garin rogo kilo biyu a yayyafa masa ruwa ya yi laushi, a sa ƙuli, albasa, tumatir da mai. Ko wuta ba a kunnawa.

Fura ki yi dawon kwana biyu a lokaci guda, ki mulmula ki birkiɗa a gari, ki sa a firigo ko wuri mai sanyi, a riƙa dama iya abin da za a sha. Lita ɗaya ta nono tana dama ta mutum huɗu zuwa biyar. Sai dai nono yana wuya ranakun Sallah, masu kawowa su ma Sallarsu suke yi. Madarar gari kilo ɗaya tana ba da lita bakwai zuwa takwas: a dama da ruwan da aka tafasa ya huce har yatsa na iya zama ciki, a zuba kofi biyu na nono mai kyau a matsayin iri, a rufe awa shida zuwa takwas. In ruwan ya yi zafi da yawa irin ya mutu, ba zai kama ba.

Ƙosai kuma kar ki dogara da mai suya ta bakin titi, da wuya ta fito safiyar Sallah. Tiya ɗaya ta wake tana fitar da 150 zuwa 200 gwargwadon cokalinki, saurayi ɗaya kuma goma ba ta yi masa komai. Aiki ne mai yawa, rana ta biyu ko ta uku kawai.

Baban Mahauta:

Maman Halima, raguna biyu a ido suna da yawa, a tire ba su da shi. Ragon da ya kai kilo 40 a tsaye, in an fiɗe an cire kai da ƙafa da ciki, kilo 18 zuwa 20 ke saura da ƙashinsa. Gashi ya cinye wajen kashi ɗaya cikin uku. A fitar da na maƙwabta da surukai da mabukata, ki ga abin da ya rage wa mutum 34 na kwana biyu. Nama ɗanɗano ne a wannan taro, ba shi ne zai ƙosar ba.

Ranar farko kayan ciki ne kawai. Hantar rago ba ta cika kai kilo ɗaya ba, guda biyu kowa yanka ɗaya ne ko biyu. Duka kayan cikin biyun, hanta, ƙoda, zuciya, huhu, tumbi da hanji, in an wanke kilo biyar ne zuwa shida, wuta kuma ta rage kusan rabi. In kika soya su duka aka ajiye a kwano, kafin la'asar an tsince. Raba biyu: tumbi da hanji da huhu su shiga miyar rana, a yanka ƙanana yadda kowane ludayi zai ɗauko, hanta da ƙoda da zuciya a soya a raba da hannu. Tumbi a tsoma shi ruwan zafi a kankare baƙin. Hanji a ɗura masa ruwa sau uku kafin a kitsa. A tafasa da citta da gishiri da albasa har ruwan ya ƙone, sannan a soya da kitsen ragon. Alamar suya ta yi ita ce kumfa ta kwanta, ƙarar ta ragu. Wanda aka sauke yana kumfa da sauran ruwa a jikinsa, shi ne ke wari washegari. Man kitsen da ya rage kar a zubar, a malala shi kan shinkafa da wake rana ta biyu, ya rage miki man gyaɗa.

Wajen gashi, a kafa sandunan da aka ɗora ragunan wajen taku ɗaya babba daga wuta. In sun matso, baya ya ƙone cikin cinya na ɗanye, kuma daga nan ruɓa ke farawa da dare. A tsattsaga cinya da kafaɗa har kusa da ƙashi, a shafa gishiri ciki, a riƙa juyawa. Samarin da ke gadin wuta dole su tsakura, ba wanda ya taɓa hana wannan. Gara a yanke musu gefen awaza tun farko a ce ga naku, a ɗora wa babbansu amanar sauran.

Kai da ƙafafu a ba su su babbake su kankare tun ranar. Awa uku zuwa huɗu suke so a wuta marar ƙarfi, a sa ruwa da yawa, romon da burodi sanda goma ya fitar da karin kumallon rana ta biyu. Washegari in an zo yanka, kilo ɗaya yana ba da yanka 25 zuwa 30 matsakaita. A ƙirga kafin a zuba a miya, a tsame kafin a raba abinci.

Gwaggon Yara:

Ni ban yarda da baki biyu ba in za a bi tsarin Majo. Saurayin da ya sha fura ƙarfe 11 ba zai ci na mutum biyu ƙarfe biyu ba. A lissafa shi ɗaya da rabi, kilo shida ta isa, ragowar kuwa Majo ya faɗi abin da take jawowa.

Maganar rabo ce ba wanda ya taɓa. Kar ki tara su bakwai a tire ɗaya, kuma kar ki haɗa ɗan shekara 13 da ɗan 19. Babban yana loma uku kafin ƙaramin ya huce ɗaya, kuma ƙaramin ba zai yi magana ba. Uku ko huɗu a tire, sa'a da sa'a. Ƙananan yara a fara sallamarsu, da wata babba zaune kusa, sannan dattawa, sannan samari. Amma tazarar kar ta wuce minti goma, ba a sa mai yunwa kallon mai ci.

Ki zuba musu kashi uku cikin huɗu na rabonsu, ki riƙe ɗaya. Da kin ga tire ya kusa ƙasa ki aika da ƙarin ba tare da tambaya ba. In kika ce wa ɗan baƙo "ka ƙoshi?", "na ƙoshi" zai ce ko da yunwa na cinsa, haka aka koya masa a gida. Wanda aka ƙara wa yana tashi da jin an kula da shi, alhali abincin da aka auna masa ne tun farko. Nama kuma kar ya hau tire. A ƙaramin kwano, a hannun babbansu, yanka biyu-biyu ko uku-uku, kowa na gani.

Ƴan matan da ke taya ki a madafi su ne ke kwana da yunwa a irin wannan taro, don kowa na zaton sun ci wajen girki. Ki ɗebe nasu a kula kafin tire ɗaya ya fita, ki ce su zauna su ci, wanke-wanke ya jira. Kuma a ja kunnen kawunnai masu barkwancin "wannan yaro zai cinye mu". Su wasa suke, shi kuwa yaron daga ranar ya fara janye hannu, ko ya koma cin tsire a waje da kuɗin barka da Sallah.

Da dare za su kafa fadarsu a ƙofar gida har ƙarfe ɗaya. Ki ba su gawayi da ganyen shayi da sukari rabin kilo tun magariba, da tiya ɗaya ta soyayyar gyaɗa ko aya, aya dai ba ta yi mana wuya a ƙasar nan. In ba haka ba, ɗumamen safen ne za su buɗe.

Inna Mai Tuwon Biki:

Yaya, gaskiyarki a rana ta biyu da ta uku, amma ban da ranar Sallah. Ranar sun yi aikin rago, nama bai sauka ba, abokai na shigowa. Maman Halima, ki dafa bakwai ranar farko, ki duba abin da ya dawo a tire da abin da ya rage a tukunya, shi zai gaya miki awon gobe. In ƙanzo kawai ya rage, ki tsaya nan. In kwano guda ya rage, ki sauke kilo ɗaya. In kuma har ƙanzon an kankare, kar ki ƙara shinkafa, furar ƙarfe 11 za ki ƙara wa rabin tiya. Kuma ki ajiye taliya leda shida da gwangwanin tumatir biyu a ɗakinki, ba a madafi ba. In motar baƙi ta tsaya ba zato, gas ɗin nan naki minti 20 ya fitar da ita.